Waƙar Whigfield da ka ce ba komai a cikinta

Ka tambaye ni yadda aka yi "Saturday Night" ta Whigfield ta ci kasuwa haka, alhali a cewarka ko kai za ka iya haɗa kiɗanta kafin la'asar. To, ɗana, jawo kujera.

Mawaƙiyar 'yar Denmak ce, sunanta na gaskiya Sannie Carlson, amma a Italiya aka yi aikin, a hannun Larry Pignagnoli da Davide Riva. Ita ce waƙarta ta farko, babu wanda ya san ta. Ba a Ingila ta fara tashi ba, a Sifen ne, inda ta yi mako 11 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saya. Turawan Ingila kuwa can suke tururuwa hutun bazara. Kowane dare suka shiga gidan rawa sai su ji ta, suka koyi 'yar rawar da ake yi mata a jere, suka koma gida suna tambayar masu shagon faifai ina take. Ka ga kenan kafin a sake ta a Ingila a Satumban 1994, masu saye sun riga sun yi layi. Tana fita ta hau ta ɗaya kai tsaye, abin da babu mawaƙin da ya taɓa yi da waƙarsa ta farko a ƙasar. Ta sauke waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Wet Wet Wet da ta yi mako 15 a wurin, ta zauna mako 4, ta sayar da faifai sama da miliyan ɗaya a can kaɗai.

Yanzu sa abin ji a kunnenka mu saurara. Ganga tana dukan huɗu-huɗu, ba ta canjawa, gudunta kusan duka 130 a minti. Bes, wato sautin nan mai kauri, yana faɗowa a tsakanin dukan, shi ke ɗaga ƙafar mai rawa. Fiyano 'yan maɓallai kaɗan ne ake ta juyawa. Lura da inda murya ta shigo: an share mata fili, babu abin da ke gogayya da ita. Amshin kuma tun farko-farko aka ba ka shi, har wanda bai jin Turanci zai iya bi. Cire kaya daga kiɗa har ya rage iya wannan ya fi zuba su wuya, ni dai a wurina nan ake gane gwani.

Kai kuwa, ɗan samari, matsalarka kwaɗayin sauti. Duk abin da ka gani a kwamfuta sai ka ɗora, kamar mai miyar da ta juye kowane kayan ƙamshi a tukunya ɗaya. Buɗe aikinka na jiya, ka kashe layin sauti shida daga ciki, ka matso da amshi gaba. In ka gama kada ka kawo mini, kai wa mai sa kiɗa a gidan biki ya gwada ranar Asabar, ka tsaya gefe ka ga ko mata za su miƙe.