Ga 'yar'uwar da tambarinta ya dagule a wurin bugawa

Sannu 'yar'uwa, wallahi na tausaya miki. Kin ce tambarin yana da kyau a waya, amma da aka buga shi a babban allo sai ya farfashe, a hatimi kuma ya zama dunƙulen tawada, ga shi mai zanen ya daina ɗaga waya. Kina tambaya ko a gyara ko a sake sabo. Wannan ciwon da yawanmu a nan mun san shi.

Ba laifin mai bugawa ba ne. Abin da aka ba ki hoto ne, JPG ko PNG, wanda aka gina da 'yan ƙananan ɗigo. Idan faɗinsa fiksil (wato ɗigo) 500 ne, a ingancin da masu ɗab'i ke so na ɗigo 300 a kowane inci, ko inci biyu ba zai cika ba. To ina ga allo mai mita biyu? Dole gefensa ya yi haƙora. Tambari na gaskiya da bekta ake zana shi, wato layuka da kwamfuta ke lissafawa, a manhaja irin Illustrator, CorelDRAW ko Inkscape wadda kyauta ce. Shi ko girman bango aka ja shi ba ya canzawa. Sunan fayil ɗin yakan ƙare da SVG, AI, EPS ko PDF.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, waɗannan masu zanen sun sani. Sarai sun sani! Mutum ya karɓi kuɗin mai ƙaramin jari, ya turo hoto ɗaya ta WhatsApp, wanda ita kanta manhajar ta matse ta rage masa inganci, ya riƙe fayil na asali don duk ranar da kike son canza lambar waya sai kin dawo kin sake biya. Wani ma ba shi da asalin, don bai zana komai ba, daga intanet ya kwaso ya liƙa sunanki a ƙasa. Kin buga kwalaye da ledoji, kin yi allo, sai wata rana ki ga tambarinki sak a jikin kayan wani. Wa za ki kama? Shi ya riga ya toshe lambarki. Har wata dabara suke yi, su saka hoton a cikin PDF su ce ga bekta. Ki buɗe, ki yi ta zuƙo shi har ƙarshe: in gefen harafi ya tsaya sumul, na gaske ne, in ya koma murabba'ai, an cuce ki. Allah ya isa kawai.

Don haka kafin ki kashe ko sisi, saka tambarin a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ki ga ko na wani ne. In na sata ne, ki watsar. Haka in da kayan kowa da kowa na manhajar zane ta Canva aka harhaɗa shi, ƙa'idarsu ba ta yarda a yi masa rajistar alamar kasuwanci ba. In kuwa naki ne kuma masu saye sun fara gane shi, kada ki canza, a sake zana shi da hannu a bekta. Ki ce da hannu, domin bin sawun da manhaja ke yi da kanta yana barin layuka a karkace.

Maganar hatimi kuma daban ce, a nan zanen ne ya yi lodi. Inuwa, launin da ke narkewa cikin wani, siraran layuka, take mai kalmomi bakwai, duk ba sa rayuwa a hatimi ko a ɗinkin zare. Harafin da bai kai milimita 5 ba, injin ɗinki yakan cukurkuɗa shi. Ko kamfanin Apple da hoton masanin kimiyya Newton zaune a gindin bishiya suka fara a 1976, a 1977 suka koma tuffa guda. Ki sa a buga miki shi baƙi zalla a farar takarda, faɗin santimita biyu, ki miƙa hannu ki duba. In ba ki karanta sunan ba, a rage kaya. Lambar waya da adireshi a cire su, ba cikin tambari suke ba.

Launi biyu sun isa, uku iyaka, salon rubutu ɗaya ko biyu. Shuɗi da kore masu ƙyalli da kike gani a waya RGB ne, wato launin haske, injin bugawa kuwa da CMYK, wato launin tawada, yake aiki, shi ya sa suke fitowa a dushe. Ki karɓi lambobin launin a rubuce, kuma kada a buga dubu sai kin ga gwaji ɗaya a hannu. Af, in sunan sana'arki na da ƙ, ɗ ko ɓ, ki duba da kyau, salon rubutu da yawa ba su da su, sai ki ga harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa.

Wanda za ki ba aikin yanzu, ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙo ne, cewa haƙƙin zanen naki ne bayan biya. Rabi kafin aiki, cikon sai kin karɓi bekta da aka mayar da rubutunsa zane, PNG marar bango, mai launi, baƙi, da fari na ɗorawa a kan duhu, da kuma ƙaramin da zai zauna cikin da'irar hoton WhatsApp ba tare da an yanke gefensa ba. Ya turo ta imel ko a matsayin fayil, ba hoto ba, ki ajiye a wuri biyu. In kin turo tambarin nan, za mu duba mu gaya miki ko zai gyaru.