Filinmu kan dutse yake a Jos, wai ba sai an yi gwajin ƙasa ba?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni da maigidana mun sayi fili ta wajen Lamingo, gangare ne ga duwatsu a ciki, muna son gida na zamani mai manyan tagogin gilas. Birkilan da aka kawo mana ya ce tunda kan dutse ne kar mu ɓata kuɗi a gwajin ƙasa, a cike gangaren kawai a ɗora bulo. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi, kuɗin da muka daɗe muna tarawa ne.

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Gara da hankalin naki bai kwanta ba.

Maganar zane ba ta da wuya. Kar ku dage sai filin ya baje, ku bar gidan ya bi gangaren hawa-hawa, gareji da falon baƙi a ƙasa, ɗakunan kwana da cikin gida a sama. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, kin san sanyin Disamba da Janairu, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa, to manyan gilasan nan su kalli kudu. Ku sa kwano mai kauri saboda ƙanƙara, rufin nan da ake ɓoyewa bayan bango kuma in ba a iya gwatansa ba yoyo ne duk damina.

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai, kullum sai na ji shi, wai ai kan dutse ne. Wane dutsen? Da yawa daga duwatsun da kike gani a Jos curi ne zaune kan ruɓaɓɓiyar ƙasa, ba falalen da ya kafu har can ƙasa ba, kuma daga sama ido ba ya bambance su. Ko ma falalen ne na gaske, in rabin gida ya hau kansa rabi ya hau cikon da tifa ta zuba jiya, dutse ba zai motsa ba amma ciko zai yi ta zama yana nutsewa duk damina, sai gidan ya tsage daidai inda suka haɗu, a shafe da siminti a yi fenti baɗi ya sake buɗewa, daga nan a fara cewa aljanun dutse ne ko sammu aka yi. Ba wani aljani, fandishan ne. Dole ginshiƙai su ratsa cikon su sauka kan ƙasa mai ƙarfi, inda falale ne kuma a huda shi a dasa rodi, ba a ɗora kankare kawai kan santsin gangare ba.

Sai katangar da za ta tokare ƙasar. Bulo mai inci 9 ba ya wannan aikin ko da birkila ya rantse. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne ke gangarowa yana taruwa a bayanta, in ba kankare da rodi ba ce, da tsakuwa a baya da ƙananan bututun da ruwa zai fita, wata rana cikin dare za ta kwanta, watakila kan maƙwabcin ƙasa.

Kar ki manta kuma garin kuza ne, an yi shekaru ana haƙa, akwai tsofaffin ramuka da kududdufai da aka cike har ciyawa ta rufe, mai sayar da fili kuwa ba zai faɗa miki ba. Wanda duk ya ga makarantar da ta rufta a unguwar Busa Buji ta Jos a Yulin 2024, rai 22, ban san me zai sa ya ƙara yarda da “haka muke yi tun da” ba.

Ki ce wa maigida a fara kawo safiyo ya auna gangaren, a yi gwajin ƙasa, sannan a zana. Injiniyan ya zama mai rajistar COREN, wato hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ku nemi lambarsa ku duba da kanku, sannan ku kai zanen wurin JMDB, hukumar da ke ba da izinin gini a Jos. Eh za a yi muku je-ka-ka-dawo, ni ma yana isa ta, amma ku bi. In kuma wani ya zo da maganar fasa dutse da nakiya a tsakiyar unguwa ba izini, ku sallame shi tun a bakin fili.