Ku Tambayi Makanikai: Saukowa Daga Tsauni da Tirela a Bayan Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse. Na sayi ƙaramar tirela mai ɗakin kwana a ciki, ina jan ta da Hilux don yarana su riƙa kwana a wurin aiki. Yanzu mun samu aiki a Gembu. Ni duk tuƙina tsakanin Sakkwato, Illela da Birnin Kebbi ne, ban taɓa sauko dutse da kaya a baya ba. Mi ya kamata in sani? *Mai karatu daga Mabera*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Gara da ka tambaya tun kana gida. Hanyoyin da ka lissafa shimfiɗaɗɗu ne, ba ka neman birki sai za ka tsaya. Mambila kuwa, inda Gembu take, tudunta ya kai kimanin mita 1,600, kuma hawan da ke farawa daga Mayo Selbe, bayan an wuce Serti, kwana ne bisa kwana. Hawan da sauƙi, in inji ya yi zafi sai ka tsaya ya huce. Ranar dawowa ce abin shiri.

Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuma zafi take haifarwa. Mota da tirela masu nauyin kilo 4,000 idan suka gangaro mita 500, zafin da za a kashe ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 60, jarka uku ke nan. Duk wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama bai ɗaga ba, fad da faifan birkinsa ne za su sha mafi yawan wannan zafi. Daga nan ɗayan biyu zai faru. Ko dai fad ya gasu ya daina kamawa, ka ji birkin da tauri a ƙafarka amma mota na ci gaba da tafiya, ko kuma man birki ya tafasa ya yi tururi a cikin bututu, ka taka ƙafarka ta wuce har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Na biyun ya fi muni, kuma tsohon mai ne ke kawo shi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma man birki na shan laima daga iska, in ya sha sai ya koma tafasa a wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa 140. In man motarka ya wuce shekara biyu, a zubar da shi gaba ɗaya a sa sabo kafin tafiya. Ƙari bisa tsohon ba ya maganin komai.

Saboda haka inji ne zai riƙe kayan, birki ɗan taimako ne kawai. Kafin gangara ta fara, a daidai ƙolin, rage gudu ka sa giyar da za ka sauka da ita. Tsohuwar ƙa'idar direbobin manyan motoci ita ce giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, in kaya sun yi nauyi ma ka ƙara sauka da ɗaya. A gangara mai kwanoni galibi lamba biyu ce, wani wurin har lamba ɗaya. In motar otomatik ce, kada ka bar ta a D. Mayar da ita 2 ko L, ko ka zaɓi giyar da hannu in tana da wannan tsarin. Za ka ji inji na kuka, allurar juyin inji ta hau wajen 3,000. Ƙyale shi, muddin ba ta shiga ja ba aikinsa yake yi. Abin da ya sa muka ce tun daga sama: in gudu ya riga ya yi yawa, otomatik ƙin karɓar giyar ƙasa take yi don kare inji, mai kuloci kuma in ka tilasta mata za ka iya fasa injin ko ka ja tayoyin baya.

Ka kuma sani injin dizal bai kai na fetur riƙe mota a gangara ba, in dai ba an sa masa birkin salansa ba, wato na'urar da ke toshe hayaƙi don inji ya riƙe mota. Don haka mai Hilux ta dizal ya fi bukatar giyar ƙasa.

Yadda ake taka birkin kuwa, ka yanke gudun da ba za ka wuce ba, a ce kilomita 40 a awa. Da allura ta taɓa 40, taka sosai har ka ji mota ta ja baya, ka sauko zuwa 32 cikin kamar daƙiƙa uku, sannan ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya iska ta bugi faifan. Ta koma 40, ka sake. In ka ga ba ka gama ɗauke ƙafa ba gudun ya dawo, giyar ta yi sama. Taka har ka kusa tsayawa, ka sauka da ɗaya. Kuma a gama taka birki kafin shiga kwana, mota da tirela suna miƙe. Birki mai ƙarfi a tsakiyar kwana shi ke sa tirela ta turo bayan mota gefe su naɗe. Masu yi maka hon a baya, bar su da hon ɗinsu, in ka samu fili ka kauce su wuce. A Mambila akwai hazo da ruwan sama, ka kunna fitila ko da rana ne.

Tambaya: Direbana yakan sa mota a firi in mun zo gangara, wai mai yake tattalawa. Da gaske ne? *Wata mai karatu daga Arkilla*

Amsa: Hajiya, ki hana shi yau. A firi inji ya saki tayoyi, birki kaɗai aka bari da kaya. Man ma ba ya tsira: motocin zamani masu injekta suna yanke mai da kansu in an saki totur mota na cikin giya, alhali a firi sai inji ya ci mai don kada ya mutu. Masu kashe inji gaba ɗaya sun fi kowa ganganci, don bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi.

Tambaya: Na ɗauko dawaki biyu daga Jos. Muna sauka Hawan Kibo tirelar ta fara wutsiya, dama da hagu, Allah ne ya kiyaye. Me ya jawo, kuma in ta sake me zan yi? *Mai karatu daga Gawon Nama*

Amsa: Allah ya ƙara kiyayewa, Malam. A gangara tirela ce ke tura mota, shi ya sa wutsiyar ta fi tashi a nan. Tushenta kusan kullum lodi ne da gudu. Kimanin kashi 60 cikin 100 na kaya ya kamata ya zauna gaban tayoyin tirela, yadda bakinta zai danne ƙugiyar mota. Tireloli ƙirar Amurka ana so nauyin bakin ya zama kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar duka, na Turai kuwa ƙasa da haka, wajen 5 zuwa 7, kuma kada ya wuce adadin da aka buga a jikin ƙugiyar. Buhunan dusa da jarkokin ruwa da ake jibgewa a can baya su ne ke ɗage bakin. Da dawaki akwai ƙarin matsala, kaya ne masu motsi kuma nauyinsu a sama yake. In doki ɗaya ne ko ɗaya ya fi nauyi, a sa shi ta ɓangaren tsakiyar titi.

In ta fara, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta kana gyarawa, don kullum gyaranka zai zo a makare ya ƙara mata. Saki totur. Kada ka danna birkin mota da ƙarfi. In tirelar na da birkin lantarki, akwai 'yar na'urarsa kusa da sitiyari mai abin matsawa da hannu. Matsa shi a hankali, tirela ta ja baya ita kaɗai, sai ta miƙe. Wannan na'urar tun a gida ake saita ta: a fili shimfiɗaɗɗe, da kaya a ciki, a gudun kilomita 40, ka matsa ta duka. In tayoyin tirela suka ja ƙasa ka rage lamba, in ba ka ji riƙo ba ka ƙara, ka tsaya dab da inda za su ja.

Duba ƙwallon ƙugiyar ma. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci 2, wato 50.8. A ido ɗaya suke, amma haɗa su na barin sako-sako ko ya hana bakin zama daidai. Sarƙoƙi biyu kuma a gitta su ƙarƙashin bakin, don in ya fita su tare shi kada ya caki kwalta.

Tambaya: Tirelata mai walda ne ya ƙera min, ba ta da birki. Zan iya zuwa Jos da ita? *Mai karatu daga Runjin Sambo*

Amsa: Ya danganta da nauyi. A Ingila da ƙasashen Turai, tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma wannan adadin ne za ka gani a littafin yawancin akori-kura. In taka ta wuce haka, mu dai ba mu ba ka shawarar hawa dutse da ita ba. Kai ta sikeli da kayanta, kada ka yi kirdado.

Ko mai birki ce, a tsaya a ƙolin gangara a zagaya ta. Kusanto da bayan hannu wajen cibiyar kowace taya ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, boris ne ke neman giris ko birki ke kamawa. Iskar taya da safe ake aunawa tana sanyi, kada a rage ta in an ga ta hau a hanya. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida tana shan ranar Sakkwato ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai cinye ba. In a tsakiyar sauka ka ji ƙauri ko birki ya fara laushi, tsaya a wuri na farko da ya samu, sa giya, yaron mota ya sa waji, ku jira aƙalla rabin awa. Kada a watsa wa faifan ruwa, lanƙwashewa yake yi ko ya tsage.