Da Me Makaɗan Jaz na Nan Take Suke Riƙe Kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saurari wani tsohon faifai na makaɗan Amurka masu salon "free jazz", inda kowa yake busa abin da ya zo masa nan take, ba tare da tsayayyen kari ba. Kiɗan ya burge ni, amma na lura masu sauraronsa kaɗan ne. Shin mutum zai iya riƙe shi a matsayin sana'a har ya ci abinci da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiyar magana ita ce, kaɗan ne daga cikin makaɗan nan suka rayu da kuɗin wasa da cinikin faifai kawai, har da manyansu. Ornette Coleman, mai busa saksofon wanda faifansa na 1961 ya ba salon sunansa, ya yi aikin kula da lif a wani babban kanti a Los Anjeles, yana nazarin ƙa'idojin kiɗa a tsakanin aiki, kafin ya tayar da ƙura a gidan wasan Five Spot na Niyok a 1959. Cecil Taylor, gwanin fiyano, ya yi wankin kwanuka lokacin da gidajen wasa suke gudunsa, domin masu gidajen sun fi son kiɗan da baƙi za su yi hira a kansa suna ta sayen abin sha, shi kuwa nasa kiɗan yana bukatar a yi shiru a saurara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka ƙi zaman jiran kasuwa. A 1965 Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna AACM a Shikago, suna kama zaure da kansu, suna shirya wasanni, kowa yana gabatar da kiɗan da shi ya ƙirƙira, kuma suka buɗe makarantar koyar da yaran unguwa kyauta. Sun Ra ya kafa kamfanin faifansa mai suna Saturn, makaɗansa suna zaune gida ɗaya a Filadelfiya, suna yi wa bangon faifai zane da hannu suna sayarwa a wurin wasa. A shekarun 1970 Sam Rivers da matarsa Bea suka mayar da mazauninsu a Niyok wurin wasa da suka kira Studio Rivbea. Turai ma haka aka yi: an kafa kamfanin faifai na FMP a Balin a 1969, sannan Derek Bailey da Evan Parker da Tony Oxley suka kafa nasu kamfanin faifai mai suna Incus a Ingila a 1970. A ganina, wannan haɗin kai ne ya hana salon mutuwa, fiye da duk wata lambar yabo da ta zo daga baya.

Wasu sun yi ƙaura, kamar makaɗan ƙungiyar Art Ensemble of Chicago da suka koma Paris a 1969, inda suka fi samun wasanni da masu ɗaukar faifai. Wasu kuma koyarwa ce ta rufa musu asiri: Bill Dixon ya yi shekaru da yawa a kwalejin Bennington, Anthony Braxton kuma a jami'ar Wesleyan.

Girmamawa ta zo, amma a makare. Coleman ya karɓi kyautar Pulitzer a 2007, Taylor ya karɓi ta Kyoto a 2013 yana da shekara 84. Albert Ayler, mai busa saksofon, bai ga ko ɗaya ba, domin ya rasu a 1970 yana da shekara 34, cikin ƙuncin rayuwa. Makaɗan yau ma galibi suna haɗa koyarwa da tallafin gidauniyoyi da bukukuwan kiɗa na Turai da sayar da faifansu ta intanet, a shafuka irin su Bandcamp.