Amsa ga mai son karatun tsara bibiyar muhalli

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma kai ne na huɗu a bana da ya tambaye ni yadda zai zo Kanada ya karanci tsara shirin bibiyar muhalli a manyan yankuna. Ba zan taɓo maganar biza ba, domin wannan kowa zai iya gaya maka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi kana son fannin ne saboda ƙaunar daji da namun dawa.

Ni ma da wannan tunanin na zo, amma shekarata ta farko a gaban kwamfuta ta ƙare, ina fama da manhajar R ta nazarin alƙaluma da ilimin ƙididdiga har idanuna suka fara ciwo. Aikin shi ne ka gina dajin kwaikwayo a cikin kwamfuta, ka zuba masa tsuntsaye, ka sa yawansu ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara 10, wato ɗaya daga mizanan da ƙungiyar kare halittu ta duniya (IUCN) take dubawa kafin ta ce wani nau'i ya fara shiga haɗari. Daga nan sai ka maimaita ƙirgen tsuntsayen sau dubu, kana sauya yawan wurare da yawan ziyara, ka ga sau nawa tsarinka zai gano raguwar. Idan bai kai sau 80 cikin 100 ba, kuɗin jama'a kawai za a zubar. Wajibi ne kuma ka sa kuskuren mai ƙirge a lissafi, domin rashin ganin tsuntsu ba ya nufin babu shi a wurin.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wata uku da na kwashe ina nuna wa wata hukuma cewa wuraren ƙirgen da ta zaɓa duk a bakin titi suke, don haka ba za su faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a tsakiyar daji ba. Suka yi godiya, suka jefa rahoton a durowa. Sai bayan shekara biyu suka dawo nema na, kuma a yau da tsarina suke aiki, abin da nake alfahari da shi ƙwarai.

Ga gwajin da zan ba ka. Hotunan doron ƙasa na taurarin ɗan'adam na Landsat, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, kyauta ne tun 2008. Ka sauko da na yanki ɗaya, ka auna yadda itatuwansa suka sauya cikin shekara 20, ka turo mini taswirar. Idan na gani, sai mu yi maganar makarantar da ta dace da kai.