Amsa ga malamar da ɗalibanta ke rikicewa a darasin yanayi

Malama sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki cewa yaranki na SS1 sun kasa bambance yanayin yau da gobe da kuma yanayin wuri na tsawon shekaru, wallahi ni ma na sha fama da wannan. Matsalar daga bakinmu take, Bature kalma biyu gare shi, weather da climate, mu kuma duka yanayi muke cewa, sai yaro ya haddace abin da ke allo ya juye a jarrabawa amma ki ce ya faɗa miki da Hausa sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ni dai na daina farawa da ma'ana. Gorar ruwa ta roba muka yanke, muka ɗaura mata rula muka kafa a bayan aji, kullum da safe monita ya duba ya rubuta milimita nawa aka samu. Sau biyu akuya tana kifar mana da ita kafin muka yi hankali muka ɗaure ta a turke. Wata rana wani yaro ya zo yana rantsuwa jiya an tafka ruwa a unguwarsu har kwata ta cika, mu kuwa gorarmu ko ɗigo babu, na ce to kun gani, wannan shi ne na yau da gobe, hadari ya haɗu a nan ya je ya zuba a can.

Sai na ba su aikin gida, kowa ya tambayi kakansa yaushe ake shuka gero, yaushe marka, yaushe hazo ke sauka. Abin mamaki kusan amsa ɗaya suka kawo: ruwa ya kankama a Yuni, marka a Agusta, kaka wajen Oktoba, hunturu Disamba da Janairu, zafin bazara Maris zuwa Afrilu. Tsoho bai san ko za a yi ruwa ran Juma'a ba amma ya san ba a shuka a Janairu. A nan na gaya musu masana ma haka suke yi, sai sun tara lissafin shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri, yanzu na 1991 zuwa 2020 ake aiki da shi.

Ki zana musu iska biyu a taswira, mai laima daga tekun Atlantika da busasshiya daga Sahara mai kwaso ƙurar Bodele ta Chadi, su ga dalilin da Legas ke samun ruwa tun Maris, Kano sai Mayu ko Yuni, Agadas kuwa ɗan kaɗan.

Inda za ki sha tambaya shi ne sauyin yanayi, da zarar sun ji kalmar komai sai su jingina mata, ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle suka fara kawo min. Nakan tuna musu an yi fari a 1973 da 1984 ma, damina ɗaya ba ta isa hujja ba sai an jera shekaru an duba. NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ki sauke shi a waya ku riƙa gwadawa da abin da gorarku ta tara, amma fa ki sa a zubar da ruwan bayan an auna, mu sai da sauro ya yi ƙwai a tamu.