Dundumi, Karas da Tabarau: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara huɗu, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe yana laluben bango, da rana kuwa lafiya lau. Mene ne wannan? Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: Hajiya, wannan ya yi kama da dundumi, alamar farko ta ƙarancin bitamin A. Da bitamin ɗin ne ido ke haɗa sinadarin da yake gani da shi cikin duhu. In aka yi sakaci, farin idon ya bushe, wani tabo kamar kumfa ya fito, daga nan baƙin idon ya yi gyambo, makantar da ke biyo baya kuwa ba ta warkewa. Kada ki jira, ki kai shi asibiti, musamman in ya yi ƙyanda ko gudawa kwanan baya, domin su ke ƙarar da bitamin ɗin da hanta ta adana. A ƙananan asibitocin gwamnati ana ɗiga wa yara bitamin A kyauta duk wata shida: shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan wata 12 zuwa 59. Duba katinsa, yaushe rabonsa da karɓa?

Tambaya: Karas nake sayarwa a kasuwar Mile 12, kullum sai na ci, amma yanzu sai na nesanta waya kafin in karanta saƙo. Shekarata 47.

Amsa: Alhaji, ko buhu za ka cinye ba zai gyara ba. Daga shekara 40 ido kan rage iya ganin kusa, maganinsa tabarau. Amma kafin ka saya a bakin titi, a gwada maka hawan jinin ido, shi ba ya sallama.

Tambaya: Ina da ciki wata uku. In sayi jan ƙwanson nan a kemis? Daga Idi-Araba.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ƙwanso ɗaya na ɗauke da ma'auni 200,000, mai ciki kuwa ba a so ta wuce 10,000 a rana, don yawansa na iya nakasa jariri. Ki nema a tukunya: zogale, alayyahu, ugu, kabewa, gwanda, ƙwai. Manja ma, wanda Legas ba ta rasa shi, sai dai in kin soya shi har ya yi fari, kin ƙone amfaninsa. In za ki sayi man girki, sukari ko fulawa, duba tambarin ido a jikin ledar, shi ke nuna an ƙara bitamin A.